Gargaɗi ga masu motoci a Birnin Kebbi: kada a cire muku allon mota da sunan ya ƙone

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin masu motoci a Birnin Kebbi da kewaye, musamman masu motocin Kwatano irin su Camry da Corolla da Accord waɗanda ke da allon nan na gaba mai nuna rediyo da kyamarar baya, game da wata damfara da ake yi da sunan gyara. Gyaran wayarin mota sana'a ce ta mutunci, kuma garin nan cike yake da masu amana a cikinta. Waɗanda nake magana a kansu ba su da shago, ba su da ubangidan da ya yaye su, abin da suke da shi kawai lambar waya ce da hotunan alluna masu ƙyalli a Facebook da WhatsApp.

Idan allonka ya ɗauke ya yi baƙi ƙirin ka kira ɗayansu, ba zai buɗe akwatin fiyus ba, ba zai ɗora mita a kan batir ba. Zai ɗan daddanna maɓallai, ya girgiza kai, ya ce: "Alhaji, allon ga ya ƙone, rana ce ta cinye shi, sai an kai shi Kano." Maganar takan shiga kunne domin kowa ya san zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, kuma gaskiya ne zafi yana lalata allo. Daga nan sai ya kwance na'urar gaba ɗayanta, ya karɓi kafin alƙalami, ya bar ka da rami a gaban mota. Bayan ka gaji da jin gobe da jibi, sai ya dawo ya ce masu gyara sun ce ba ta tashi, amma yana da sabon allon Android da zai sa maka a farashin zumunci. Na'urarka ta asali kuwa, wadda sau da yawa lafiyarta ƙalau, an sayar wa wani a matsayin kayan Beljiyam. Wasunsu ko dawowar ba sa yi, wayar ce za a ji a kashe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin abubuwan da ke sa allo ya ɗauke ƙanana ne, kuma ana iya duba su a gaban idon mai mota ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba. Da farko a danne maɓallin kunna rediyon kamar daƙiƙa 10, domin manhajar ciki takan sandare kamar ta wayar hannu, kuma a motoci da dama wannan kaɗai yana tashe ta. A kuma tabbatar ba a rage hasken allon ko an kashe shi daga maɓallinsa ba, abin da yara kan yi idan an bar su a gaban mota. Sai fiyus, wanda ke cikin akwati a ƙarƙashin sitiyari ko a gefen inji, kuma murfin akwatin yana nuna wanne ne na rediyo. Galibi mai lamba 7.5 ne ko 10 ko 15, mai lamba 10 ja ne, mai 15 shuɗi. Idan ka zaro shi ka ɗaga wa haske, za ka ga ɗan siririn ƙarfen da ke tsakiyarsa ko ya tsinke, kuma kuɗin sabo bai kai na litar fetur ba. Batir ma abin dubawa ne: lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, ya kai kusan 14 idan inji na aiki. Ramukan hanya kuma sukan sassauta soket ɗin da ke bayan na'urar.

Akwai gwaji guda da ya kamata kowa ya riƙe. Idan rediyo na magana amma allon duhu ne, ka kunna tocilan wayarka ka manna shi kusa da gilashin ka duba ta gefe. In ka hango rubutu dishi-dishi, to na'urar tana raye, fitilar bayan allon ce ta mutu, kuma ita kaɗai ake gyarawa. Duk wanda ya ce maka komai ya ƙone alhali kana jin murya daga lasifika, ka dakatar da shi. Masu Honda su kula kafin a cire kan batir, domin rediyon da yawa daga cikinsu yana neman lambar sirri bayan an mayar da wuta.

Allon Android ɗin da suke kawowa shi ne kashi na biyu na cutar. Ba duka ne marasa kyau ba, akwai nagari a kasuwa, amma na waɗannan mutane za ka ga an rubuta giga 4 na ƙwaƙwalwar aiki (RAM) da 64 na ma'aji a kwali alhali ƙwaƙwalwar da ke ciki giga 1 ce ko 2, har shafin bayanai na cikin na'urar ana sauya shi ya faɗi ƙarya. Ga kuma ɓarnar ɗaurawa: maimakon su sayi soket da ya dace da motar, sai su yanyanke wayoyin asali su nannaɗe da salatif. Wasu sukan haɗa ɗorawar waya mai wuta kullum da jar da ke bin makulli, na'urar ta kwana tana shan batir, da safe mota ta ƙi tashi. Maɓallan sitiyari su daina aiki. Mafi haɗari shi ne mai cusa silin waya a gurbin fiyus, domin wannan hanyar gobara ce.

Saboda haka kada ku tura kuɗi kan hoton allo a WhatsApp, sayen kifi a ruwa ne. Idan dole sai an fitar da na'urar, a yi a shagon da kuka sani, ku ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta mai lambar siriyal, a rubuta muku rasit da suna da ranar dawowa, kuma tsohuwar na'ura taku ce ko da an ce ta mutu, ku karɓi abinku. Wanda abin ya riga ya shafa kada kunya ta hana shi magana. Ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, ya kuma shaida wa shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA. Dokar tarayya ta 2006 kan zamba cikin aminci ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka kama da karɓar dukiyar mutum da ƙarya.