Geron tsuntsaye da aka kawo mini a Lesta

Saura kwana biyar a ɗauki azumin 2025 na zauna a ɗakina a Lesta, nan Ingila, da waya a hannu ina neman gero. Wata shida ke nan da barina ƙauyenmu na gefen Gujungu, kuma tun tasowata ban san buɗa baki babu kunun tsamiya ba. Na rubuta sunan gero da Turanci, hotuna suka zubo, na zaɓi buhu mai kilo 5 don ya fi sauƙin kuɗi, na biya da kati. Washegari da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in sauko daga bene, mai kawo kayan ya ajiye kwalin, ya ɗauki hotonsa a bakin ƙofa, har ya tada mota.

Da na farke kwalin sai ga buhu da hoton ɗan tsuntsu kore mai kama da aku. Ta inda ledar ke nuna ciki na hango ƙwayar: rawaya, mulmulalliya, tana sheƙi, da ɓawonta a jiki. Ba geronmu ba ce, ba maiwa ba, ba dauro ba. Abincin tsuntsayen keji ne. Na koma shafin na karanta a tsanake, ashe sun rubuta haka ƙarara, ɗoki ne ya hana ni gani.

Wallahi abin ya taɓa ni fiye da yadda zan iya faɗa. Na daɗe a zaune a kan matakala da buhun a cinya. Baba nake gani a gona, daga shuka zuwa firi da maimai, har ranar da ake ɗaure dammuna a kai rumbu. Abin da ya riƙe gidanmu kaka da kakanni, wanda ake fitar da zakkar kono da shi, ake kai wa surukai, shi ne a nan idan ka ambaci sunansa aka fara nuna maka na tsuntsu. Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Ta yi salati ta ce, "Kai kuwa ɗan nan, wa ke sayen hatsi bai damƙa ya sansana ba?" Na ce, "Inna, ai nan hoto ake saye." Ta ce Allah ya kyauta.

Na riga na sallama kuɗin, don a saninmu abin da ya bar hannun mai kaya ya bari ke nan. Wani ɗan Haɗeja da ya riga ni zuwa ya ce in mayar. Na danna wurin mayarwa, na zaɓi dalili cewa kuskurena ne, suka turo mini wata alama mai zanen baƙi da fari. Na kai buhun kantin bakin titinmu, matar ta haska alamar, ta miƙo mini rasiti. Kafin a kai azumi na biyar kuɗina sun dawo asusuna. Babu wanda ya sa ni rantsuwa, babu wanda ya ce in kawo shaida. Ba kirkin kamfanin ba ne kawai, doka ce tun 2014: mafi yawan abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 daga ranar da ya iso ka ce ka fasa, ko da kayan ba su da aibi, ban da irin abin da ke saurin ruɓewa.

Geron gaske kuwa wani abokin karatuna Ba'indiye ne ya warware mini. Ya ce in daina neman sunan Turanci, in rubuta bajra. Indiyawa sun cika Lesta, kuma mutanen Gujarat suna yin waina da garinsa. Sai ga shi, ruwan toka-toka kamar namu, a 'yan ledoji. Kunu ya damu, alhamdulillahi, sai dai babu ƙamshin nan na geron da aka surfa yau aka wanke.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Babu ciniki. Farashin da ka gani shi ke nan, ba "albarka", ba "sallama", ba gyara ko ta ƙwaya ɗaya. In kaya suka ɓata a hanya, da na'ura za ka fara magana, ta yi ta maimaita maka tambaya ɗaya kafin ka samu ɗan Adam. Cefanen babban kanti ma har gida suke kawowa, amma wani ne ke zaɓar maka tumatir, kuma in abu ya ƙare sai su musanya da abin da suka ga ya yi kama da shi. Na taɓa neman attaruhu aka kawo mini koren tattasai mara yaji. Nama kam da ƙafata nake zuwa wurin mahauci Musulmi. Abin da ya fi damuna shi ne sai in cika ɗaki da kwalaye, mako guda ban gaisa da mai sayarwa ko ɗaya ba. Ranar Lahadi nakan tuna kasuwar Gujungu, ƙura da kukan awaki, da mai awon da ke tambayar lafiyar Baba kafin ya tsoma tiya a buhu.

To amma mu ma a faɗa mana gaskiya. A cikin azumin nan na tura wa wani mai sayar da kaya ta WhatsApp a Kano kuɗin shadda don Sallar Inna. Ya kai tasha ya ba direba. Kwatance kawai sai da ya ci kira shida: bayan masallacin Juma'a, kusa da kukar nan, a tambayi gidan wane. A ƙarshe a wurin mai shayi na bakin titi Yaya ya karɓo ta. Ruwan ƙasa na zaɓa, ruwan hoda aka kawo. Da na yi magana sai ya ce ai hasken waya ne, kuma shi ba a mayar masa da kaya. A nan Lesta lambar gida da lambar gidan waya mai haruffa da alƙaluma shida ko bakwai sun isa a kawo maka allura har ƙofa. Mu ma muna da lambar gidan waya mai alƙaluma 6, amma wa ya san ta garinsu? Wannan a ce laifin hukuma ne. Ƙin karɓar kaya fa? Mu ne malamai ke karanta wa falalar ɗan kasuwar da ya karɓi kaya daga mai sayen da ya yi nadama, mu ne aka koya wa cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Sai ga shi waɗanda ba su taɓa zama a zauren karatu ba sun mayar da abin doka, mu kuma muna manna takarda a shago cewa in ka saya ka saya. Inna ta ɗinka shaddar a haka, ta ce kada in tada hankalina, amma ni har yau abin yana raina.

Yaya, in ka ga wannan, akwai mai tahowa bayan Babbar Sallah. A auna mini tiya biyu na geron rumbunmu, a surfa a shanya ya bushe sosai, a haɗa da tsamiya da kuka da daddawa. Kada a sa kilishi ko man shanu, ba a barin nama da kayan madara daga Najeriya su shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.