Oseltamivir (Tamiflu): wa yake yi wa amfani, wa kuma zai yi asarar kuɗinsa

Da hunturu ya kama a Sakkwato, hazo ya rufe gari, kowa sai ya ce mura yake yi. Amma mura iri-iri ce. Oseltamivir, maganin da kamfanin Roche ya fitar a 1999 da sunan Tamiflu, infuluwenza kaɗai yake yi wa aiki, wato murar da ke kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Mai yoyon hanci da atishawa kawai, ya adana kuɗinsa.

Kwali ɗaya kafso 10 ne, kowane miligiram 75. Babba yana shan ɗaya safe ɗaya dare, kwana 5. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar ficewa daga inda ta hayayyafa ta bazu a hanyar numfashi, shi ya sa ake so a fara cikin awa 48 da soma ciwo. A nan ake yin sakaci: sai an sha maganin maleriya kwana uku babu gwaji, an bi da na gargajiya, sannan a nufi asibiti. Ga mai ƙarfin jiki da ke gida, amfaninsa bai wuce rage ciwon da kamar kwana ɗaya ba, kuma wannan bai taka kara ya karya ba. Ga wanda aka kwantar, ko tsoho, mai ciwon suga, mai asma, mai ciwon zuciya ko mai juna biyu, lissafin daban ne. Ana ba su ko awa 48 ta wuce, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba.

Illarsa da aka fi gani tashin zuciya da amai ne, musamman a kwana biyun farko. Ko kunu aka fara sha, abin yana raguwa. Ta ƙoda yake fita, don haka mai ciwon ƙoda likita ne zai rage masa, galibi zuwa miligiram 30. Wanda ba ya iya haɗiya, a buɗe kafson a gauraya garin da abu mai zaƙi, don yana da ɗaci.

Inda ya gaza shi ne limoniyar da bakteriya ke kawowa bayan mura ta raunana huhu. Majinyaci ya fara samun sauƙi, har ya nemi fura, sai zazzaɓi ya dawo da kaki mai ruwan ɗorawa da sukar haƙarƙari. A ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: in ya kai 30, ko na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta nuna ƙasa da kashi 92, ko ya fara sambatu, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru a ranar. Hoton ƙirji, maganin kashe bakteriya da iskar oksijin yake buƙata.

Ba kowane kemis ke ajiye oseltamivir ba. In an samu, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji kwalin da ya sha zafin Afrilu a kan kanta, domin ƙasa da digiri 25 ake so a ajiye shi. Bai maye gurbin allurar rigakafin infuluwenza ba, wadda ake sabuntawa duk shekara, take ɗaukar mako 2 kafin ta kama jiki. Ba ta cikin rigakafin yau da kullum na Najeriya, don haka maniyyata da masu dattijo a gida su tambaya tun da wuri, su kuma tabbatar daga firji mai digiri 2 zuwa 8 aka ciro ta.