Raba dogon sauti gida-gida: foobar2000 ko Audacity?

Masu shagunan tura sauti a unguwannin Nima da Sabon Zango na Accra kan karɓi fayil guda na FLAC ko WAV (nau'o'in fayil ɗin sauti da ba sa rage inganci) mai ɗauke da faifai cur, ko tafsirin awa biyu, wanda in WAV ne mai ingancin CD ya haura gigabait ɗaya.

Idan fayil ɗin ya zo da ɗan rakiyarsa CUE, wato ƙaramin fayil na rubutu mai nuna inda kowace waƙa ta fara, manhajar foobar2000 ta fi. Ka ja CUE ɗin, ba sautin ba, ka jefa ciki. Waƙoƙin za su fito a jere da sunayensu. Zaɓe su duka, danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Convert. Amma sai ka riga ka sanya Free Encoder Pack, wato ƙarin manhajojin da foobar2000 ke juya sauti da su. Yankansa daidai yake, domin CUE na kasa daƙiƙa kashi 75. Inda ake tuntuɓe: layin FILE na cikin CUE ya ce .wav alhali .flac ke hannunka. Buɗe CUE ɗin da Notepad ka gyara, shi ke nan.

Tafsirin da aka ɗauka a masallaci kuwa ba shi da CUE, nan manhajar gyaran sauti Audacity ke da rana. Kana kallon zanen muryar, ka danna duk inda alaramma ya fara jan sabuwar aya ka sa alama da Ctrl+B, sannan ka fitar da fayiloli bisa alamomin. Aikin haƙuri ne. Ka mai da Dither zuwa None a sashen Quality, in ba haka ba zai ƙara siririyar ƙara wajen komawa bit 16. Yawaita adanawa saboda ɗauke wuta.

MP3 na WhatsApp daga FLAC ake fitar da shi, kada a goge na asali.