Alkalami ko Reem Kufi: wanne ya dace da allon makaranta da katin sauka a Damagaram?

Wani ɗan'uwa a cikinmu, mai shagon buga takardu a wajen Kasuwar Dole, ya kawo tambaya. Wata makarantar Islamiyya ta ba shi aiki biyu: allon bakin ƙofa mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, da katin gayyatar walimar sauka. Masu aikin suna son kan rubutun ya fito da ajami mai kama da na da, boko kuma a ƙasa. Ya leƙa Google Fonts, rumbun salon harafi na kyauta a intanet, ya ga salon harafi biyu, Alkalami da Reem Kufi, duka sun burge shi, yana neman a gaya masa wanda zai ɗauka.

Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Idan abin da za ku rubuta Hausa ce da ajami, ku ɗauki Alkalami, ko ƙaninsa Ruwudu. Idan sunan makarantar ne kawai da Larabci, kalma biyu ko uku ba wasali, Reem Kufi zai yi muku aiki mai tsabta. Dalilin yana cikin asalin kowannensu, don duka biyun sabbi ne na kwamfuta, amma ba hannu ɗaya suka kwaikwayo ba.

Reem Kufi aikin Khaled Hosny ne, mutumin Masar. Ya ɗauko shi daga Kufin zamanin Faɗimiyya, daular da ta riƙe Masar daga 969 zuwa 1171, irin wanda aka sassaƙa a bangon tsofaffin masallatan Alƙahira kamar masallacin Aƙmar na 1125. Ba kai tsaye daga dutse ya kwafa ba, ya bi ƙa'idojin da Muhammad Abdulƙadir, gwanin rubutun da ya farfaɗo da Kufi a ƙarni na 20, ya shimfiɗa. Shi ya sa za ku ga kaurin layinsa kusan ɗaya ne ko'ina, gindinsa a miƙe kamar an ja da igiyar magini, alif da lam a tsaye cak. Rubutun gini ne, an haife shi don a hango daga nesa.

Alkalami kuwa daga allo ya fito. Becca Hirsbrunner Spalinger ce ta zana shi a ƙarƙashin SIL International, ƙungiyar nazarin harsuna, bisa rubutun da ake yi a Kano da nan Nijar, wanda ake ce wa rubutun Kano. Duk wanda ya taɓa fiƙe kara ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro ya san yadda bakin alƙalamin yake: idan aka ja shi a kwance sai ya bar layi mai kauri, idan aka ɗaga sama sai ya sirance. Haka salon yake. Gindin layi baƙi ƙirin, haƙora da alif sirara, wutsiyoyin nun da ya suna nutsewa can ƙasa, ɗigo da wasali ƙanana a manne da harafi. Shafi guda na Alkalami daga nesa kamar baƙin tubali yake. Mutumin unguwar Birni ko Zango da ya yi karatun allo ba ya buƙatar a gaya masa mene ne wannan, idonsa ya riga ya saba da shi tun yana ɗan shekara biyar.

Akwai zumunci tsakaninsu, amma na nesa. Rubutun Magrib daga tsohon Kufi ya samo asali, namu kuma, da na Barno da na Kano, daga na Magrib ya gangaro ta hanyar Sahara. Kaka ɗaya ke nan, sai dai ɗaya ya zauna a kan dutse, ɗayan ya zauna a kan allo da takarda, kuma a nan ne batun ɗigo ya raba su.

Wannan batu shi ne mafi nauyi a duk tambayar, kuma shi ne aka fi yin kuskure a kansa. A rubutun Gabas, wanda allon tafa haruffan Larabci na waya da kwamfuta ke fitarwa, fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. A namu, wanda ya biyo ruwayar Warsh, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗaya ne a sama. To idan kuka buga fa ta Gabas a kan allon makaranta, almajiri zai karanta ta ƙaf. Kuna nufin "fari", shi ya ga "ƙari". Sannan a namu, fa da ƙaf da nun ba a ɗiga musu idan suka zo ƙarshen kalma ko suka tsaya su kaɗai. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ware wa waɗannan uku lambobinsu a 2016: fa 08BB, ƙaf 08BC, nun 08BD. A Word na Windows, ku rubuta lambar ku danna Alt da X tare, harafin zai fito. In aikin da yawa ne, ku sa manhajar Keyman, tana da allon ajamin Hausa, ku huta da haddar lambobi. Ku lura da kyau: sanya Alkalami kaɗai ba ya gyara ɗigon. Salon harafi riga ce kawai, sai an buga harafin da ya dace tukuna.

Ban da waɗannan akwai namu na Hausa tsantsa. Tsa ita ce ɗa mai hannu da ɗigo uku a sama, lambarta 069F. Ɗigon imala na ƙasa, wanda ke ba da sautin "e" kamar a "gero", lambarsa 065C. Alkalami da Ruwudu don irin wannan aka yi su. Reem Kufi don Larabci aka yi shi da fari, saboda haka kafin ku amince masa da kalmar Hausa ko ɗaya, ku buga waɗannan biyar a jere cikinsa. Idan akwati ya fito, harafin babu. Abin da ya fi akwati haɗari shi ne harafin ya fito amma da wata siffa, siriri a tsakiyar masu kauri. Ma'anarsa manhajar ta aro shi daga wani salo a ɓoye, kuma a kan allon mita 3 wannan aro ba ya ɓoyuwa.

Sai wasali. Balarabe yana karanta sunan makaranta ba fataha ba kisira. Hausa ba ta karantuwa haka, domin baƙaƙe iri ɗaya in ba wasali suna iya zama kalmomi daban-daban. Kufi tun asali bai yi wa wasali ɗaki ba, idan aka jibga masa fataha da rufu'a da ɗauri a kan kowane harafi sai tsabtar nan da ta sa aka so shi ta tafi. Alkalami kuwa da wasalinsa aka haife shi. A ganinmu wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci a kan katin sauka.

Amma kada a ɗauka Alkalami ba shi da wahala a wurin aiki, yana da ita, kuma a nan Reem Kufi ya fi shi nesa ba kusa ba. In allon na sitika ne da inji zai yanka, siraran alif ɗin nan su ne ke fara tsinkewa lokacin ɓare abin da ba a so, ɗigo da wasali kuma suna bin takardar baya su ɓace. Ku auna alif mafi siranta bayan kun kai rubutun girmansa na gaskiya, in bai kai milimita 2 ba kada ku yanka, ku buga a kan leda ko ku ƙara girma. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu su ma ƙananan gutsattsarin suke fara ɗagawa. Reem Kufi, da yake kaurinsa ɗaya ne, yana yankuwa lafiya a sitika, mai walda yana iya fitar da shi a ƙarfe, magini ma yana iya tayar da shi a siminti a goshin ƙofa irin yadda ake zanen gidajen Birni. Yana kuma da nauyi daga matsakaici zuwa mai kauri, alhali Alkalami nauyi ɗaya gare shi. Kada ku danna wa Alkalami maɓallin B na manhaja don ya ƙara kauri. Manhajar za ta kumbura shi ta ko'ina, idon mim da wau su toshe, haƙoran sin su haɗe.

A nan Ruwudu ke shigowa, kuma mu mutanen Damagaram ya kamata mu san shi fiye da kowa. Sunan kalmar Manganci ce mai nufin rubutu, salon kuma na Mangawan gabashin Nijar ne, maƙwabtanmu na wajen Gure. Da fari an zana shi a matsayin Alkalami mara nauyi, daga baya ya tsaya da ƙafarsa da nauyi huɗu. Tazarar kauri tsakanin kwance da tsaye ba ta kai ta Alkalami ba, don haka ya fi jure ƙanƙanta. Na huɗunsu Harmattan, shi ma na SIL, mai bin tsarin Warsh, amma shi na dogon karatu ne, ba na kan rubutu ba.

Ga yadda za mu raba aikin da a hannunmu yake. Masu allunan talla suna lissafin santimita 2.5 na tsayin harafi a kan kowace mita 3 ta nisa. Wanda zai karanta daga tsallaken titi, a ce mita 15, yana buƙatar santimita 12 zuwa 13. Wannan lissafi na manyan baƙaƙen boko ne. A ajami jikin harafi gajere ne, alif ne kawai ke miƙewa, don haka ku ninka, alif ya kai wajen santimita 25. Da wutsiyoyi da wasali, layi ɗaya na Alkalami zai cinye kusan rabin allon. Ku bar masa. Sunan makaranta layi ɗaya a sama, boko a ƙasa, lambar waya a can gefe da ƙaramin harafi. In sunan Larabci ne zalla, Reem Kufi a wannan tsayi zai ci ƙasa da haka, har ya bar muku wurin layi na biyu. Katin kuwa, in A6 ne, milimita 105 da 148, ku sa kan da Alkalami maki 30 zuwa 36 a ma'aunin girman harafi na manhaja, sunayen masu sauka da Ruwudu wajen maki 18, bayanin rana da wuri da Harmattan 14 zuwa 16. Tazarar layin Alkalami ku faro daga ninki biyu na girman harafi sannan ku rage a hankali, har inda wutsiyar sama ta kusa taɓa alif na ƙasa, sai ku tsaya.

Abubuwa uku ke lalata ajami a manhaja, ko wane salo aka ɗauka. In haruffa suka fito a warwatse ko suka juya daga hagu, injin rubutun Gabas ta Tsakiya ne ba a kunna ba, a tsofaffin Photoshop yana cikin saitin rubutu, sai an rufe an sake buɗewa yake kamawa. In kuka ƙara tazara tsakanin haruffa don layi ya cika, mahaɗan za su tsage su bar farin tsagi. Abin da ake yi shi ne jan gindi da tadwil, wato layin tsawaita mahaɗi, lamba 0640, kuma Kufi ya fi ɗaukar wannan ja. Na uku, in kuka kai fayil wurin mai babban inji alhali ba shi da salon a kwamfutarsa, wani abu daban zai fito. Ku mayar da rubutun zane kafin ku fita: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl da Shift da O a Illustrator. Ku ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba saboda gyara.

Bayan an mayar da shi zane ne ake samun damar yin abin da ya fi komai kawo kamannin na da. Mahaddatanmu da baƙar tawada suke rubuta baƙi, wasali da ja, hamza da rawaya. Ku wargaza zanen, ku zaɓi wasullan ɗaya bayan ɗaya ku ba su ja mai duhu, ɗigon haruffa ku bar shi baƙi. A kan takarda mai ruwan ƙasa-ƙasa, katin zai yi kama da warƙar da aka zaro daga gafaka. In za a sa aya, a kai wa alaramma ya duba kafin a buga, domin alamomin Warsh suna da nasu ƙa'idoji, kuma a tuna kati yana faɗuwa ƙasa bayan an watse.

Bokon da zai zauna a ƙasa ba sai mun tsawaita ba. Masu kwaikwayon tarihi a can ma suna da yawa. Trajan, na Carol Twombly a 1989, daga rubutun ginshiƙin sarki Trajan na Rum na shekara ta 113 ya fito, na sayarwa ne, Cinzel kuma danginsa ne na kyauta. Abril Fatface daga takardun tallan Ingila da Faransa na ƙarni na 19 yake. Shi wannan kaurinsa a tsaye yake, sirantarsa a kwance, kishiyar Alkalami ke nan, in aka haɗa su sai su yi ta jan ido kowa wajensa. Cinzel yana tafiya da Reem Kufi, duka ƴaƴan dutse ne. Kafin ku so kowanne, ku buga masa "ƴaƴan ƙauye sun ɓare ɗanyar gyaɗa" da ƙananan baƙaƙe, ku sake da manya, sannan É da È da Ç saboda layin Faransanci. Yawancin salon ado a kan Ƙ da Ɗ da Ƴ suke faɗuwa. Charis da Gentium na SIL suna da masu lanƙwasar duka, kuma Charis mai kauri yana zama daram a ƙarƙashin Alkalami ba tare da ya yi gasa da shi ba.

Alkalami, Ruwudu, Harmattan, Reem Kufi da Charis duka suna ƙarƙashin lasisin OFL na kyauta, kuna iya aikin kuɗi da su, salon kansa ne kawai ba a sayarwa shi kaɗai. Kafin ku biya kuɗin leda, ku buga kalma ɗaya ta sunan a girmanta na gaskiya a kan A4 uku ko huɗu, ku liƙa a bangon shago, ku tsallaka titi da wani gardi da wani ɗan lakwal, kowa ya karanta da ƙarfi. Inda ɗayansu ya yi tuntuɓe, ku koma ku duba ɗigon wurin.