Bencin aikin katako da na sa aka haɗa mini, bayan shekara guda ina dukansa

Shekara biyu na yi ina ɗan aikin katakona na ƙarshen mako a kan tsohon teburin cin abinci da uwargida ta yi wa ritaya. Duk lokacin da na tura filen, wato abin kankare katako ya yi sumul, teburin sai ya yi gaba taku ɗaya, ni ma in bi shi, har mu isa bango tare. Ranar da katako ya zame cizal ya tsaga mini babban yatsa, ranar na ce ya isa haka, benci na gaske nake so.

Fasalin da na zaɓa na wani kafinta ne Bafaranshe, André-Jacob Roubo, wanda ya wallafa zanen bencinsa a littafin da ya fara fitarwa a 1769. Ba wani ado a jikinsa. Sama mai kauri sosai, ƙafafu huɗu manya, kuma ƙafafun gaba sun yi daidai da bakin saman, ta yadda in ka jingina falanki a gefe zai kwanta a jikin ƙafar ka matse shi. Na buga hoton a takarda na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai teburin mahauta ne. Raƙumi za ka sassara a kai?" Na ce, "Baba, haka nake so, wanda ko an ture shi ba zai motsa ba."

Tare muka je 'Yan Katako a Na'ibawa. A nan na ga amfanin tafiya da wanda ya san hannu. Ni da na so obece don ya fi araha, Baba ya danna farcensa a jikin guda ya nuna mini shaidar da ya bari: katako ne mai laushi marar nauyi, ya dace da silin da akwati, bai dace da abin da za a riƙa duka da hama ba. Muka ɗauki iroko mai inci huɗu-huɗu don ƙafafu, saboda gara ba ta cika damunsa ba, sai tu-bai-fo na madaci guda bakwai masu tsawon ƙafa 12 don saman. Kowanne sai ya ɗaga shi ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawonsa kamar mai saita bindiga, wanda ya karkace ya mayar. An raba kowanne biyu, aka bi ta injin filen, aka jera guda 13 a tsaye gefe da gefe aka manne da Top Bond. Abin da ya fito shi ne sama mai tsawon ƙafa 6, faɗin kusan inci 22, kauri inci uku da rabi. Tsayin bencin kuwa Baba ko tef bai ɗauko ba, ya ce in tsaya in saki hannuna, inda wuyan hannuna ya tsaya ya yi alama a bango. Da na auna daga baya inci 34 ne, kuma har yau bayana bai yi ƙorafi ba.

Akwai abu ɗaya da ya ƙara wanda babu a zanen Bafaranshen, kuma na yi ta gardama a kai. Ya huda saman ta gefe wuri uku ya zura dogayen ƙarafa masu zare, ya ɗaure da washa da noti. Haka ma sandunan da suka haɗa ƙafafu, bayan ya sassaƙa musu rami da harshe sun shiga juna, sai ya sa noti maimakon gam. A ganina ya ɓata kyan abin. Ya ce, "Bari hunturu ya zo, za ka neme ni."

Hunturu kuwa ya zo. Kuskuren nawa ne: a watan Agusta muka sayi katakon, tsakiyar damina, yana ɗauke da danshi, Baba ya ce a jingine shi a inuwa ko wata biyu ya sha iska, ni kuma na matsa sai an fara a makon. Sauri ya haifi nawa. Katako ba ya raguwa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa idan ya bushe, kuma iskar Kano a watan Janairu ba ta barin danshi a jikin komai. Wata safiya na fito na tarar ɗan tsagu ya buɗe a ƙarshen saman, wanda katin waya zai shiga, tsakiya kuma ta ɗan yi kwari. Na sa sifana a notocin nan, kowanne sai da ya ci kusan zagaye biyu kafin ya kama. Ƙafafun da suka fara ɗan rawa suka koma tsit. Na kwashe yinin Asabar guda ina bin saman da filen a karkace, ina aza dogon ƙarfe miƙaƙƙe ina leƙen haske a ƙarƙashinsa, har ya daidaita. Tun daga nan bai sake motsi ba. Na je na gaya wa Baba, bai ce komai ba, dariya kawai ya yi ya miƙo mini goro.

Inda ban ji daɗin aikinsa ba wuri biyu ne. Ya ce mako biyu, sai da muka cinye biyar, kullum "gobe in Allah ya yarda", domin aikin gadon amare ya sha gabana. Sannan ba tare da ya tambaye ni ba ya shafe saman da banish har yana ƙyalli. Ga kyau a ido, amma benci ba teburin falo ba ne: duk katakon da ka aza sai ya riƙa sulɓi. Dole na kankare shi da sanfefa na shafa mai kaɗan kawai. Wanda zai ba da irin wannan aikin ya faɗa tun farko cewa ba ya son fenti ko banish a sama.

Bais ɗin da na saya a kasuwa kuwa, wato ƙarfen da ake murɗawa ya matse abin da ake aiki a kai, araha ba ta ado. Na 'yan gyaran ƙarfe ne marar suna, haƙoransa suna cizon katako su bar tabo, sai da na liƙa masa 'yan guntayen filawud a baki. Abin da ya fi burge ni ma ba saye na yi a shago ba. A zanen Roubo akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar sandar makiyayi, ana zura shi a rami a saman benci, a buga masa hama a ka ya danne katako, a buga ta baya ya saki. Na kai wa wani maƙeri hoton, ya ƙera mini biyu da rodi. Da farko sun ƙi kamawa, suna tsalle suna fitowa, ashe santsin jikin ƙarfen ne. Da na goge su da sanfefa mai kaushi a zagaye, bugu ɗaya suke riƙe falanki kamar an sa ƙusa. Yanzu sai in yi wata ban taɓa bais ɗin ba.

Masu shirin aiki da iroko su nemi takunkumi. Ƙurarsa ta sa ni atishawa da ƙaiƙayin wuya kwana biyu, kuma ba ni kaɗai take yi wa haka ba.

A shekarar nan na yi kantar littattafai biyu a kansa, da kujerar tsuguno huɗu, na gyara ƙofar kicin da ta kumbura. Ana sara da cizal a kan ƙafar gaba, ƙarar ba ta wuce tum, kofin shayin da ke ɗaya gefen ko girgiza ba ya yi. Zan sake ba Baba aiki, sai dai wannan karon a watan Fabrairu zan sayi katakon. Nauyin da na nema kuwa na same shi har ya yi yawa: da bikin ƙanwar uwargida ya zo aka buƙaci rumfar baya, sai da samari huɗu suka kama shi, suka matsar da shi taku biyar suka ajiye suna haki. A nan mata suka shimfiɗa masa leda suka jera kulolin tuwo.