Heathers ko The Craft: wanne za ki fara kallo?

'Yar uwa, kin ce kina neman fim a kan 'yan matan sakandare da gungunsu na ƙawance, an ba ki sunan Heathers da The Craft, kina son sanin wanne ya fi, kuma ko za ki iya kallo tare da ƙanwarki mai shekara 13.

Maganar ƙanwa dai a ajiye ta. Duk biyun alamar R aka ba su a Amurka, wato wanda bai kai 17 ba sai da babba zai shiga sinima.

Heathers ya shiga sinimomin Amurka a 1989, Daniel Waters ya rubuta, Michael Lehmann ya ba da umarni. Barkwanci ne mai ɗaci, babu aljani ko fatalwa mai razanarwa. A makarantar Westerburg ta jihar Ohayo, 'yan mata uku duk masu suna Heather ne ke juya kowa, sai ta huɗunsu Veronica, wadda Winona Ryder ta fito a matsayinta, tana cikinsu amma ta tsane su. Saurayinta J.D. ya sa aka ba shugabar gungun maganin wanke bututu ta sha ta mutu, Veronica kuma, da yake ta iya kwaikwayon rubutun hannu, ta rubuta wasiƙa kamar yarinyar ce ta kashe kanta. Nan fim ɗin ya nuna gwanintarsa. Marigayiyar ta ƙara farin jini, waɗanda ta wulaƙanta suka dinga yabonta, malamai suka mai da abin taron nuna alhini. Sannan Heather Duke, wadda a da ake takawa, ta ɗaura jan abin ɗaure gashin shugabar ta ci gaba daga inda aka tsaya. An kawar da mutum, kujerar tana nan.

The Craft na 1996, na Andrew Fleming, ta ƙasa ya ɗauko labarin. Waɗanda aka ware ne suka kafa nasu gungun a wata makarantar Katolika a Los Anjelas. Nancy, Bonnie da Rochelle na neman ta huɗu don tsafinsu ya cika, sai ga baƙuwa Sarah. Kowacce da ciwonta: Bonnie tabon ƙuna, Nancy talauci da mijin uwa mai duka, Rochelle kuwa wata farar fata ce ke mata wariyar launi, har tsafin ya sa gashin farar fatar ya riƙa zubewa. Da ƙarfi ya samu, Nancy ta zama irin shugabar da suke gudu. Ki sani tsafi ne tun daga farko har ƙarshe, da kiran wani abin bauta da marubutan suka ƙirƙira, Manon. Idan wannan zai dame ki, kar ki fara.

Inda kowanne ke ba mai kallo matsala daban ne. Daɗin Heathers a baki yake, zaurance da habaici cikin saurin magana, wasu kalmomin ma marubucin ne ya ƙago su. Idan Turancinki bai zauna ba, ko fassarar ƙasan allo ta injin ce, dariyar za ta ɓace ki rage da kisa da batun kashe kai da bam a makaranta. The Craft ko an rage sauti za ki bi labarin. Rauninsa yana kashi na ƙarshe: Bonnie da Rochelle sun koma 'yan amshin shatan Nancy ba tare da an gina dalili ba, aka watsar da zancen wariyar da aka faro da kyau, aka cika gida da macizai da kyankyasai. Wasan Fairuza Balk a matsayin Nancy ne ya riƙe wannan ɓangaren.

A kasuwa Heathers faɗuwa ya yi, sai a kaset ya samu masoya, shi kuwa The Craft ya ci riba tun fitowarsa. A rubutu dai Heathers ya fi nesa ba kusa ba. Duk da haka ki fara da The Craft, ya fi sauƙin shiga, ki bar Heathers sai kin samu kwafi mai rubutun Turanci a ƙasa. Ƙanwarki kuma ki nema mata Mean Girls na 2004, alamarsa PG-13, wato gargaɗi ga iyaye kan yaran da ba su kai 13 ba, amma ki riga ta kallo.