Wata Bakwai da Maƙalin Talabijin Mai Saukowa a Saman Murhu

Ciwon wuya ne ya sa na sayi wannan ƙarfe. Falon gidan da muka koma mita shida ne a tsawo, huɗu da 'yan kai a faɗi. Murhun jin ɗumi yana tsakiyar dogon bango ɗaya, bangon da ke fuskantarsa kusan duk taga ce, gajerun bangwayen biyu kuma kowanne da ƙofa. Ga mu da talabijin mai inci 65, faɗinsa santimita 144. Na fara gwada shi a kusurwa. Da rana hasken taga ya cinye hoton, doguwar kujera kuma dole ta karkace ta tare hanyar kicin. Da na rasa wurin da ya rage, sai na ɗaura shi a saman kantar murhu da maƙalin da ba ya motsi.

Sati uku muka yi a haka. Uwargida ce ta fara magana, wani dare tana murza ƙeya: "Abban yara, wannan kallo muke yi ko duban wata?" Washegari na ɗauko tef ɗin awo. Idan na zauna, idona yana santimita 105 daga ƙasa. Tsakiyar allon kuwa yana 180. Ratar santimita 75 ke nan, kuma daga kujera zuwa allon mita 2.7 ne kacal. Labaran minti ashirin ba su damun kowa. Wasan ƙwallo na minti casa'in, ko fim na awa biyu, nan ne mutum zai tashi wuyansa a sanƙare kamar ya kwana kan dutse.

Abin da na saya maƙali ne mai hannaye biyu da sandunan iskar gas a ciki, irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota. Ka kama hannun da ke ƙasan talabijin ka jawo, sai ya fito gaba ya tsallake kanta, ya sauko har gaban bakin murhu. Ka gama, ka tura shi ya koma sama. Nawa yana saukowa kusan santimita 65, yana kuma juyawa dama da hagu.

Ƙarfen kansa ba ni da ƙorafi a kai. Yana da nauyi, waldarsa a tsabtace take, fentin bai ɓare ba har yau. Ramukan bayan talabijin suna bin ma'aunin VESA, wato tazarar ramuka da masu ƙera talabijin suka daidaita a kai, nawa milimita 400 da 300, kuma an haɗo kusoshin M8 masu tsawo daban-daban, na samu wanda ya dace. Takardar bayani ce ta ba ni haushi. Duk zanenta na bangon katako ne, irin wanda ake neman ginshiƙin da ke bayan allo a ɗaure a jikinsa. Namu jan bulo ne. Layi ɗaya tak aka ware mana, wai a nemi kusoshin da suka dace da bulo, ba a kuma saka ko ɗaya a kwalin ba. Sai da na sake fita na nemo masu buɗewa a cikin rami. A nan kada kowa ya yi ganganci. Maƙalin da ba ya motsi nauyinsa ƙasa yake ja, wannan kuwa duk saukowar da zai yi sai ya fizgi kusoshin sama waje, da kilo ashirin da wani abu a rataye nesa da bango. A huda tsakiyar bulo, a guji simintin da ke tsakaninsu, kuma kada ramin ya zarce har ya taɓa bututun hayaƙi. Aikin mutum biyu ne. Ni da ƙanena mun cinye yini guda, rabinsa a gardamar inda za a sa alamar farko.

Gardamar tana da dalili. Zurfin kanta ne ke yanke tsayin da za a ɗaura maƙalin. Kantarmu ta fito santimita 20 daga bango, to dole a ɗaga shi yadda gindin talabijin zai wuce bakinta bai goge ba. Mun bi jadawalin takardar daidai, amma mun manta da doguwar sifikar da ke rataye ƙarƙashin talabijin. Jan farko ta ƙwanƙwashi bakin kantar. Ramuka huɗu na banza suna nan a ɓoye bayan allon, babu mai ganinsu sai ni da na san da su.

Sai daidaita ƙarfin sandunan gas, wanda noti ɗaya ke yi. Ka ƙara ɗaure shi, talabijin ya ƙi zama a ƙasa, yana ta ɗagowa a hankali kamar mai jin kunya. Ka sassauta, ya faɗo da nauyinsa. Na juya notin nan ya fi sau talatin kafin ya tsaya inda aka bar shi. Yanzu uwargida da hannu ɗaya take saukar da shi. Wayoyin HDMI da na wuta duk sai da na canza su da masu tsawo, domin tsoffin suna miƙewa tsam idan ya sauko.

Ranar da ya fara aiki, bambancin ya fi ƙarfin abin da na zata. Tsakiyar allon ya dawo santimita 115, kusan daidai ido. Akwai kuma ribar da ban lissafa ba: saukowar tana matso da shi gaba kusan santimita 45, sai tazarar ta koma mita biyu da kwata. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE tana ba da shawarar allo ya cika aƙalla digiri 30 na ganin mai kallo, kamfanin THX mai tantance ingancin sauti da hoton fim kuma ya fi son 40. A sama muna kan 30 cif, a ƙasa mun kai kusan 35. Baƙin hoton ma ya ƙara duhu, saboda allonmu irin LCD ɗin nan ne da launinsa ke koɗewa idan ba a saitinsa kake ba, mu kuwa da daga ƙasa muke hango shi.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne kujeru, kuma wannan babu takardar da ta faɗa mini. Da can duk a jikin bango muka jera su, falon ya zama kamar ɗakin jiran likita. Maƙalin ya tilasta mini sake tunani, domin yanzu akwai abu mai faɗin mita ɗaya da rabi da ke shigowa tsakiyar ɗaki kowane dare. Na jawo doguwar kujera ta bar jikin taga, na bar santimita 90 a bayanta. Nan take hanyar wucewa daga ƙofa zuwa ƙofa ta koma ta baya, yara suka daina gilmawa tsakanin mai kallo da allo. Teburin tsakiya mai tsawo ya fita, don idan talabijin ya sauko babu inda za a tsaya a kama hannunsa sai an ranƙwafa ta kan tebur. Na sa ƙarami mai zagaye, santimita 45 daga bakin kujera, ƙafa tana miƙewa, hannu yana kaiwa rimot.

Ƙananan kujeru biyu su ne suka fi wahalar da ni. Na sa su hagu da dama suna fuskantar juna, falon ya yi kyau, hira ta yi daɗi, amma wanda ya zauna a kansu gefen talabijin yake gani. Na karkato su wajen allon, sai suka juya wa doguwar kujera baya, baƙo ya zo kana magana da kafaɗarsa. Har zane na yi a takarda, na yanka ƙananan kwalaye ina turawa, uwargida tana dariya wai na koma aji ɗaya. A ƙarshe masu juyawa a kan gindi muka saka, na ja su baya kaɗan zuwa gefen doguwar kujera. Duk mai zama ya juya inda ransa yake so. Juyawar maƙalin dama da hagu tana taimakawa idan mutum ɗaya ne ke kallo daga gefe, idan ɗakin ya cika kuwa sai a bar shi a miƙe. Kowace kujera na tabbatar ta kai mita guda daga bakin wuta, kafet ma na ja shi baya, na sa ragar tare tartsatsi.

Ga babban aibin, kuma ya kamata mai saye ya ji shi kafin ya biya kuɗi. Ba a haɗa wuta da kallo a ƙasa. Kafin na ɗaura komai na manna ma'aunin zafi a bango saman kanta, na hura wuta awa uku, bai wuce digiri 32 ba, saboda kantar tana kautar da zafin da ke tasowa. Littafin talabijin ɗina ya ce kada ya wuce 40. To a sama lafiya lau. A ƙasa kuwa bayan talabijin yana fuskantar harshen wuta kai tsaye. Hannun maƙalin an yi shi da roba mai canza launi idan zafi ya yi yawa. Na gwada sau ɗaya don in gani da idona, ko kwata na awa ba a yi ba ya koma ja, na yi maza na tura shi sama. Ko da zafi bai hana ba, allon ya rufe rabin murhun, to wutar me za a kalla? Ma'ana, a daren da sanyi ya fi tsanani, daren da mutum ya fi son ya ƙudundune ya kalli fim ga wuta tana ci, a daren ne za a koma duban wata. Mai murhun lantarki da ake iya kunna hasken a kashe zafin bai da wannan matsala. Mu masu itace sai zaɓi.

Ƙananan abubuwa kuma: idan yana sama ba ya lafewa, akwai ratar kusan santimita 14 tsakaninsa da bango, daga ƙofa ana hango ƙarafan. Kanta ta daina ɗaukar kayan ado, agogo da hotunan da ke kai duk sun ƙaura. A wata na huɗu allon ya ɗan karkata hagu, na gyara da notin daidaitawa cikin minti biyar, bai sake ba.

Wanda ke da wani bangon da talabijin zai zauna daidai ido, ya sa shi can ya huta, ya bar murhu da kantarsa. Wanda falonsa ya ƙure shi irin nawa, wannan ƙarfe ya biya kuɗinsa, muddin bangon mai ƙwari ne kuma an yarda da sharaɗin wuta. Da zan sake, shi zan saya, sai dai zan auna da sifikar a jiki.

Watan jiya mahaifina ya zo ya yi mana sati. Tun daren farko ya kama kujerar hagu, ya juya ta wajen murhu, ya miƙa ƙafafu. Na ce, "Baba, in kashe wutar in sauko maka da labarai?" Ko waiwayowa bai yi ba. "Bar shi can sama," in ji shi. "Ina jin su da kunne. Ƙaro itace."